Jitar da Ba a Jona Ba

Wani ne a nan Duwala, zamanin da talabijin ke sabon shigowa, kowa na neman a ga fuskarsa a akwati. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma hannunsa da nauyi. Bas yake kaɗawa, doguwar jitar nan mai ƙatuwar murya. Kada ku fara dariya tun yanzu, mutumin ya iya. Duk makosa, kiɗan rawarmu na Duwala, da kuka taka a shekarun nan, rabinta daga yatsunsa ta fito. A kira shi situdiyo da safe ya kaɗa wa wannan, da rana ya kaɗa wa wancan, a sallame shi ya kama gabansa. Faifai ya fito, mawaƙi ya sha kwat a jikin kwali, shi ko sunansa babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni da nake buga ganga a gefensa na san ciwon abin, sai dai ni fatata ta riga ta yi kauri.

Illarsa ɗaya ce. Ban da bas bai san komai ba a duniya. Ruwan sama na zuba a kan kwano, sai ka ga ya ɗaga kai ya ce ɗigon can na kusurwa ya saki kiɗa.

Sai ga shi ya faɗa son Sike, ɗiyar Mama Endale mai gashin kifi a unguwar Deyido. Ita ma tana yinsa. Da magana ta kai ga a tura manya su ƙwanƙwasa ƙofa, Mama ta ce ya fara zuwa ta gan shi tukuna. Ya same ta tana fifita gawayi, hayaƙi na tashi.

"Ɗana, me kake yi?"

"Kiɗa nake yi, Mama."

"Na ji. Aiki fa?"

"Ai shi ne aikin."

Ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai. Shi kuwa ya zo da shirinsa. Ya zaro kaset daga aljihu, ya zura a rediyonta da ke kan benci. Kiɗa ya tashi.

"Wannan ai Kinge ne mai farin takalmi," in ji Mama. "Kai ne Kinge?"

"A'a, shi waƙa yake yi. Ku saurari can ƙasa. Dum, dudum, dum. Kun ji? To ni ne nan."

Mama ta kasa kunne. Can sai ta ɗaga mafici ta maka wa rediyon.

"Au! Ashe kai ne? Sau biyu ina kai rediyon nan wajen mai gyara saboda wannan gurnanin!"

Masu jiran kifi suka fashe da dariya. Mutumin ya yi tsuru-tsuru.

"Ka ga, ɗana, gani ya kori ji," in ji ta. "Kowane zauna-gari-banza zai iya nuna mini rediyo ya ce shi ne a ciki. Ga akwati can a falo, duk layin nan ni kaɗai ke da shi. Kowace Asabar da yamma ana nuna makaɗa. Ran da na ga mai gurnanin nan da idona, rungume da jitarsa, shi ne surukina. Ni ba na magana biyu. Kafin nan ko ƙayar kifina kada ka taka."

Ba a yi wata guda ba, aka gayyaci Kinge shirin Asabar ɗin, da wannan waƙar kuwa. Mutuminku ya yi ta roƙo har Kinge ya gaji ya ce ya zo. Kafin rana ta faɗi duk Deyido ta ji labari, daga bakinsa. Ya sayi sababbin tsirkiyoyi. Ya kwana uku yana gwaji har maƙwabta suka kai ƙara. Ya aro kwat da wando wajen kawunsa mai aikin jirgin ƙasa, mutum ne mai tumbi, wandon zai ci shi sau biyu. Ya ɗaure da igiya.

Ranar ɗauka, a wani zaure a unguwar Akwa, muna zaune sai ga shi yana turo amalanke. Akwatin lasifikarsa ne a kai, ya kai girman firji, ga waya nannaɗe a wuyansa. Ya jiƙe sharkaf da gumi.

Mai shirin, Musye Bilong, ɗan guntun mutum ne da tawul a wuya da usur a baki. Ya hura.

"Wa ya ce a kawo mana firji?"

"Lasifikata ce, ranka ya daɗe. Ina zan jona?"

"Ka jona me? Nan ba a jona komai. Faifai ne zai yi kiɗa. Ku naku hannu ne kawai da fuska."

"To wa zai kaɗa bas?"

"Wa ya kaɗa a faifan?"

"Ni."

"To kai ne za ka kaɗa."

"Ai kun ce kada in jona."

"Ka riga ka kaɗa tun bara!"

Mutumin ya sosa ƙeya. "To yau me na zo yi?"

"Ka zo ka yi kamar kai ne."

Ya juyo ya dube ni kamar zai yi kuka. Na ce, "Mola, ɗan'uwana, kwantar da hankalinka. Dubi gangata." Ya leƙa. Soso ne shimfiɗe a kan kowace fata. Na ce, "Shekarata biyu ina dukan katifa a zauren nan, kuma ban taɓa yin kuskure ba. Ka ga mai ƙahon can? Direban tasi ne, ƙanen matar Bilong. Ko usur bai iya hurawa ba. 'Yan matan nan uku masu amshi kuwa, ka fi ni sanin wa ya yi muryarsu."

Ya sani sarai. Wani ƙaton mutum ne mai gemu ya yi amshin a situdiyo, ya matse murya sau uku.

Aka kunna fitilu, aka saki faifai. Kinge na wangale baki, ni ina dukan soso, kyamara na zagayawa. Komai lafiya lau. Muna shiga baiti na biyu sai mutumin ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Tsaya!"

Usur ya tashi. "Mene ne?"

"Mai bas ya yi kuskure."

"Wane mai bas?"

"Na faifan. Yatsansa ya zame. Ba ku ji ba?"

Ashe akwai wani ɗan wuri da yatsansa ya kuɓuce bara. Duk Kamaru babu wanda ya taɓa ji. Shi kuwa shekara guda ke nan abin na hana shi cin abinci da daɗi.

"Tunda ga ni ga jita," in ji shi, "a bar ni in jona minti ɗaya in gyara."

Bilong ya cusa tawul a baki ya ciza.

Aka sake. Wannan karon bai tsayar da kowa ba, ya nutse cikin kiɗa da gaske, kamar ana jinsa. To kun san fuskarsa in ya nutse. Ido ya rufe, leɓe ya karkace, harshe ya leƙo ta gefe, sai ka ce wanda aka ɗura wa ruwan ɗanyen ganyen ndole, shuwaka mai ɗaci. Mai kyamara ya matso, ya ja da baya da sauri.

"Kai mai firji!" in ji Bilong. "Yara na kallon shirin nan. Murmushi!"

Ya yi murmushi. Yatsu suka tsaya cak.

"Hannu!"

Yatsu suka tashi, harshe ya fito.

"Murmushi!"

"Ranka ya daɗe, ku zaɓi ɗaya. Waya ɗaya ce ta haɗa su."

Aka ce to ya bar fuskar, ya taka rawa ko ta ɓoye muninta. Taku biyu hagu, taku biyu dama, juyi. Hagu ta yi, dama ta yi. A wajen juyi wuyan jitar ya zabgi direban tasi a kunne. Ƙaho ya yi sama, direba ya yi ƙasa. Faifai kuwa bai san ana yi ba, ƙaho na ta rangaɗa busa, mai ƙahon na kwance yana kiran uwarsa.

Bilong ya jefar da usur. "Wa ya kawo mini wannan? Mutumin nan bai taɓa riƙe bas ba a rayuwarsa! Da gani ka sani!"

Kinge ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna fuskarsa ce a kwali, ya mai da bakin ya rufe.

Bilong ya waiga, idonsa ya faɗa kan Alfons, mai gyara wa mawaƙa gashi. Dogo ne, gashi na ɗigar mai, ga wushirya. Yana tsaye da matajinsa.

"Kai, ka iya jita?"

"Ko kusa."

"Madalla. Zo."

Aka zare jitar daga wuyan mutumin aka rataya wa Alfons. Ya riƙe ta a juye. Ya karkata kai, ya kashe ido ɗaya, ya murguɗa ƙugu.

"Yauwa!" in ji Bilong. "Ga makaɗi!"

Wallahi a nan dariya ta ɗauke mini, tausayi ya kama ni. Mutumin ya durƙusa, ya kama ƙafar wandon Bilong, yana ba shi labarin Sike da Mama Endale da rediyo. Bilong ya ce kaset ɗin ɗauka ɗaya ya rage, kuma saura kaɗan ya cika.

"Wannan ce ta ƙarshe. Ko rufi ne ya faɗo, ba mai tsayawa, ba mai yanke komai. Kai kuma zauna can bayan firjinka. Mai gadi, sa masa ido."

Aka saki faifai. Alfons ya dafe tsirkiya wuri guda bai motsa ba, yana ta rabon murmushi. Ina dukan soso ina hango mutumin a bayan lasifika, yatsunsa na ta gudu a kan gwiwarsa. Ya daure baiti na farko. Ya daure na biyu, har da wurin kuskuren. Sai aka zo inda kowa ke yin shiru a bar bas ita kaɗai, wurin da ya fi alfahari da shi a duk abin da ya taɓa kaɗawa. Daidai nan Alfons ya ga kyamara ta nufo shi. Sai ya saki jitar, ya ɗaga hannu biyu sama, yana aika wa jama'a sumba.

Bas na ta zuba, ba hannu a kanta.

Ban san lokacin da mutumin ya baro firji ba. Sai ganinsa na yi yana rarrafe a dandamali, ya ratsa tsakanin ƙafafun 'yan amshi, ya miƙo hannu daga ƙasa ya cafki tsirkiya, harshe a waje. Mai gadi ya biyo shi ya damƙi ƙafa ya ja. Igiya ta tsinke. Mai gadi ya tafi da wandon kawu, ya dawo ya tafi da sauran.

Kwana huɗu mutumin na addu'a a ɗauke wuta ran Asabar. Kun san wutar Deyido, ko atishawa ka yi sai ta tafi. Ran nan ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mama Endale ta sa an fito da akwatin tsakar gida an ɗora a kan tebur. Ta gasa kifi, ga miyondo, curin rogo da ake naɗewa a ganye, ga soyayyar ayaba. Duk layin ya hallara, har masu hawa katanga. Ni ma na je, don kifin. Aka zaunar da mutumin a kujerar gaba, Sike na tsaye a bayansa tana ta washe baki.

Shiri ya fara. Ga Kinge, ga ni ina dukan katifa, ga Alfons.

"Ina kake, ɗana?"

"Ina tafe, Mama."

Mama ta gyara tabarau, ta matsa kusa. "Kai! Ashe haka gurnanin nan yake da daɗi in kana ganin mai yinsa. Ku ji fa! Dum, dudum! Yaron nan hannunsa zuma."

Aka zo wurin da Alfons ya ɗaga hannuwa. Mama ta miƙe tsaye ta dafe ƙirji.

"Ku duba ikon Allah! Ya sake ta, tana kaɗa kanta don tsoronsa!"

Sai wani daga kan katanga ya ƙwala ihu, "Ga shi nan! Ga shi nan yana rarrafe!"

Gidan ya kaure da dariya. Wasu na birgima a ƙasa, wata tsohuwa ta ƙware da miyondo ana bubbuga mata baya. Aka ga wando ya wuce, aka ga mai wando ya bi baya. Sike ta rufe fuska da faranti.

Mutumin ya miƙe. "Mama, ku tsaya ku ji. Duk abin da kuka ji ɗin nan ni ne! Jitar tawa ce, ko jona ta ba a yi ba. Wancan gashi yake gyarawa!"

"Ga kiɗa ga sana'ar hannu?" in ji Mama.

"Mama, na rantse, bai san gaban jita da bayanta ba! Na san shi farin sani!"

Mama ta zaɓo ƙaton kifi, ta ɗora a faranti, ta zuba masa yaji da hannunta, ta miƙa masa.

"Zauna ka ci, ɗana. Tunda ka san shi, yana da mata?"