Farfesa da Ƙwayar Asibiti

A duk ofishinmu babu wanda ya san ƙwaƙwalwar ɗan Adam kamar Farfesa. Gaskiya ne aikinsa jera fayil ne a ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala, inda fanka ke juyi da fiffike biyu. Gaskiya ne kuma bai taɓa ganin ƙwaƙwalwa ba sai a hoton bangon asibiti. Amma waɗannan ƙananan maganganu ne na mahassada. Ni na fi kowa sanin girmansa, don kullum da safe ni nake aske masa gemu a madubi. Wato dai ni ne shi, sai dai labarin ya fi sauƙin faɗa idan na koma gefe ina nuna shi da yatsa.

Shekara ashirin da biyu Farfesa yana shan sigari. Rannan ya ga sanarwa ana neman masu son bari, a gwada sabon magani a kansu, ya je asibitin da ake gwajin ya ba da sunansa. Wata nas ta zaunar da su ta yi musu zane. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan gurabe, kowanne kamar kwaɗon ƙofa, sinadarin taba kuma shi ne mabuɗin, da ya shiga sai daɗi ya buɗe. Maganin zai riga shi zama a ramin, taba ta zo ta tarar babu wuri. Ta ƙara da cewa rabinsu za a ba su na gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta sai sitaci, kuma ba wanda zai san nasa sai an gama. Wannan ɓangaren Farfesa bai saurara ba. Mutum kamarsa, wa zai ba shi sitaci?

Ya haɗiyi ƙwayar farko ranar Litinin, kafin Laraba ya zama masani. Ya bar sigari kuwa, ba ƙarya, sai dai mutanen ofis sun ce da hayaƙin da bayanin, gara hayaƙin. Kowa ya zo neman fayil sai ya sha karatu a tsaye.

“Ku ba za ku gane ba,” in ji shi, yana ƙwanƙwasa goshi da biro. “Ni fa ina jin lokacin da take shiga ramin. Ƙas! Nan gefen hagu, sama da kunne kaɗan.”

Mai shara ta tsaya da tsintsiya ta tambaya ko kwaɗon nan na cikin kai yana kuka da damina. Farfesa ya yi mata kallon tausayi ya sake bayanin daga farko. A gida kuwa uwargida ta koyi cewa “ikon Allah” a daidai wurin da ya dace ba tare da ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba.

Da abin ya tsaya nan, da dariya ce kawai. Amma Farfesa yana da ƙane, Auta, bakanike, wanda tari ya sa a gaba har likita ya ce masa ko ya bar taba ko ƙirjinsa ya bar shi. Wata Asabar Auta ya zo gidan da tsinke a baki, fuska cike da murna.

“Yaya, yau kwana tara ban sha ba. Da kaina.”

Abin da yake nema bai wuce a dafa kafaɗarsa ba. Farfesa ya gyara zama ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

“Da kanka? Auta, wahalar banza kake. Wannan ba maganar zuciya ba ce, kimiyya ce. Gurabenka a buɗe suke, hanhai. Ka jira maganinmu ya fito, ni zan yi maka hanya.”

Auta ya yarda, don tun suna yara bai taɓa musa wa yayansa ba. Washegari ya kunna sigari. Wata biyar yana jira, tarin yana ƙaruwa, har ta kai idan ya fito daga ƙarƙashin mota sai ya dafa taya ya huta kafin ya miƙe.

Sai takarda ta zo daga asibitin. Sun gode wa Farfesa bisa gudummawarsa, suna kuma sanar da shi cewa yana cikin rukunin sitaci. Ya karanta sau uku a ɗakin fayil, ya duba ko sunan wani ne, ya taɓa gefen hagu sama da kunne kaɗan. Shiru. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar mutanen ofis ba ce.

Ya tarar da Auta a gareji zaune kan tsohon batir, kwalin sigari a aljihun gaba. Ya miƙa masa takardar. Auta ya goge hannu a wando ya karanta a hankali, leɓe na motsi.

“Wato Yaya, kai da kanka ka bari?”

“Haka takardar ta nuna. Amma ka san a kimiyyance...”

“Ni da na bari da kaina kwana tara, me ka ce mini?”

Auta ya yi tari mai tsawo har idonsa ya kawo ruwa. Da ya lafa, ya zaro kwalin daga aljihu ya danƙa masa a hannu.

“Tafi da shi. Zan sake gwadawa daga yau. Taimako ɗaya nake roƙo a wurinka, Yaya.”

Farfesa ya miƙe wuya, ya gyara murya, ilimi ya taso masa har maƙogwaro. Auta ya riga shi.

“Don girman Allah, kada ka yi mini bayani.”