Yadda Za Ka Haɗiye Burtali Bai Tsaya Maka A Wuya Ba

Kai mai son yin arziki da biro, gyara zama. In ka bi matakan nan yadda na jero su, na ɗaukar maka alkawari: kafin kaka biyu hanyar shanu ta zama shaguna, shagunan sun zama naka, kuma a bainar jama'a za a kira ka uban zaman lafiya. Ba a teburin mai shayi na tsinto wannan ilimi ba. Shekara shida ina magatakardan Kwamitin Filaye da Tsara Gari na wata ƙaramar hukuma da ba zan kama sunanta ba, kuma a gabana shugaban kwamitin, Alhaji Na'Allah, ya haɗiye burtalin Kwaren Gawo, ko ruwa bai kora da shi ba.

Kwaren Gawo ƙauye ne a gefen titin da ya taso daga Boɗinga ya nufi Shagari. Burtalinsa ya faro daga rugar wani dattijon Bafulatani mai suna Mode, ya ratsa gonaki, ya tsallake kwalta, ya faɗa tafki. Faɗinsa taku sittin. Daidai inda ya haɗu da titi, nan idon Alhaji ya sauka.

Mataki na ɗaya: Je ka duba wurin da rani

Kada ka kuskura ka kai kwamiti da damina, shanu za su kunyata ka. Jira sai makiyaya sun gangara fadama, rana na ƙona ƙeya.

Da azahar Alhaji ya kwashe mu a mota ɗaya. Ba wanda ya sauko sai ni, don in ɗauki hoto. Ya zuge gilashi kaɗan.

"Magatakarda, ka ga saniya?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"To rubuta."

Na rubuta cewa fili ne da ba kowa, ba mai amfani da shi. Busasshen kashin shanun da ya cika wurin kuwa, na karkatar da wayata sama don kada ya fito a hoto. Riƙe wannan: abin da bai shiga rahoto ba, bai faru ba.

Mataki na biyu: Kada ka ce rufewa, ka ce tsarawa

Mai rufe burtali azzalumi ne. Mai tsara shi ɗan kishin ƙasa. Zaɓi wanda kake so a kira ka.

Ɗauko safiyo daga Sakkwato, wanda ba shi da dangi a ƙauyen. Namu ya zana akwatuna arba'in da biyu a takarda, ya kafa turakun siminti a ƙasa. Sai dai kada ka cinye duka, wannan aikin sabon shiga ne. Alhaji ya sa aka bar siririyar hanya mai faɗin taku huɗu a gefe, aka shafa mata kore a taswira, aka rubuta "hanyar dabbobi".

Safiyon ya ɗan sosa kai. "Alhaji, taku huɗu fa ko jaki da mangala sai ya karkata."

"Su yi layi," in ji Alhaji. "Mu ba layi muke bi a gidan mai ba?"

Mataki na uku: Ji ra'ayin jama'a ranar da babu jama'a

Doka ta ce a saurari mutanen gari. Bi doka, ba ta cizo. Rubuta sanarwa da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, ka manna ta a bangon sakatariya daidai inda ƙofa ke rufewa in an buɗe ta. Kada ka sa rana tukuna. Dubi sama.

Ruwan shuka ya sauka ranar Talata da la'asar. Alhaji ya sa taro Laraba da hantsi. Ranar nan daga Dingyaɗi har Horo Birni ba namijin da ke gida, kowa ya duƙa da ƙwaryar iri a hannu.

Duk da haka mutum biyu sun ɓata mana tsari. Mode ya rigo garkensa dawowa daga fadama, ya tarar da turaku a hanyar shanunsa, ya je ya tambayi Bashar. Shi Bashar manomi ne, ɗan wata tsohuwa mai suna Nana Hauwa da mijinta ya rasu, gonarsu ce ke jingine da burtalin. Tun zamanin iyayensu maza, duk kaka shanun Mode a gonar nan suke sauka, su ci kara, su bar taki. Bashar ya bi diddigi har ya ji labarin taron, ya ajiye irinsa, ya goyo Mode a babur.

Mode ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, wanga burtali tun kakana shanu ka bin shi. In anka toshe, ta ina za su sha ruwa?"

Alhaji ya juyo masa da taswira. "Baffa, wa ya ce an toshe? Ga hanyarku nan, har kore muka shafa mata."

Mode ya daɗe yana kallon takardar. "Saniya saba'in gare ni, Alhaji. Ba su shiga nan."

"Ai taswira ce, Baffa. A takarda komai ƙanƙancewa yake."

Bashar ya ce shi da ƙafarsa ya auna, taku huɗu ne. Alhaji ya yaba masa da ƙwazo, ya ce ƙasa na buƙatar irinsa, ya rufe taro. Na rubuta cewa manoma da makiyaya sun halarta, sun kuma tofa albarkacin bakinsu. Nuna mini ƙarya a ciki.

Mataki na huɗu: Cika bakin duk mai baki

Baki in yana tauna ba ya magana. Maigari ya samu fuloti, kansila ya samu, surukin wani babba ya samu na bakin titi. A kusurwa Alhaji ya sa aka kafa allo: "Filin Masallaci". Yi haka kai ma. Ko ba ka aza bulo ɗaya ba, duk wanda ya taɓa tsarin ya taɓa ɗakin Allah.

Amma ka sani akwai bakin da lissafinka zai tsallake. Namu na Nana Hauwa ne. Ta zo har zauren Alhaji da sandarta, ba ta kuma ce masa Alhaji ba, don tare da mahaifiyarsa suka yi 'yanmatanci.

"Na'Allah ɗan Saratu, ni ban yi boko ba, amma na san saniya ba ta tashi sama. Za ka sa katanga hagu, darnina na dama. In sunka matsu, ina za su faɗa?"

"Inna, ana kan dubawa."

"Wa ka dubawa?"

"Hukuma, Inna."

"Ba kai na hukumar ba?"

Alhaji ya yi dariya, ya sa aka kawo mata goro. Ta bar shi nan a tabarma. Haddace kalmomin nan uku, ana kan dubawa. Suna aiki a kan tsoho da yaro, ba sa tsami, ba sa ƙarewa.

Mataki na biyar: Yi gini da sauri, sannan ka yi tafiya

Turaku ana iya tumɓuke su. Katanga sai kotu. Kafin gero ya kai gwiwa, katangar bayan shagunan Alhaji ta tashi sama da tsayin mutum, ta bi hanyar dabbobin tun daga farko har bakin titi.

A yi wa Mode adalci, ya yi ƙoƙari. Sati biyar yana raba garkensa goma-goma, ya kai waɗannan tafki, ya dawo ya kwashi waɗancan. Shayarwar da yake gamawa da hantsi ta koma kai shi la'asar. Dattijo ya rame ya zama kamar sandarsa.

Kai dai in ka ga gero ya fitar da kai, nemi taron bita a Sakkwato. Alhaji yana can ranar da wata tifa ta zo juye yashi a bakin hanyar, direban ya danna ham. Shanun da ke ciki suka juyo da baya, waɗanda ke jira suka danno gaba. Tsakanin bulo da kara, saniya ba ta neman shawara. Darnin Nana Hauwa ya kwanta, garke duka ya afka.

Kafin Bashar ya iso daga ƙarshen gona, abincin shekara ya zama tabarma. Idonsa ya rufe. Ya ɗaga fartanya ya sari wata karsana a kafaɗa, ya sake ɗagawa. Mode ya kai sanda don ya tare, ta sauka a hannun Bashar na dama. Ƙashi ya karye wuri biyu.

Mode ne ya tare mota, shi ya riƙe shi har gidan wani mai ɗori a Shagari. Direban ya ce duk tsawon hanya su biyun hawaye suke yi, kuma na tsohon ya fi yawa.

Mataki na shida: Nemi kujerar sulhu kafin wani ya riga ka

Nan ake gane gwani. Alhaji ya dawo, bai ko sauya riga ba ya sa na buga takarda zuwa ga hukuma a kan "rikicin manoma da makiyaya" da ke neman cinye yankin. Wa ya fi shi sanin wurin? Kwana uku aka naɗa shi shugaban kwamitin sulhu.

Aka taru a ƙofar maigari. Wannan karon an yi shela da Hausa, gari ya cika. Alhaji ya yi sa'a guda yana bayani a kan haƙuri da haƙƙin maƙwabtaka, har muryarsa na rawa. Sannan ya yanke hukunci: Mode zai ba Nana Hauwa shanu biyu. Mode ya ce ya yarda, kansa a ƙasa. Bashar na gefe da hannu a rataye.

Sai tsohuwar ta dogara sanda ta miƙe.

"Mode, riƙe shanunka. Shekara arba'in suna wucewa gindin darnina, ko zangarniya guda ba su taɓa ci min ba. Ba bana saniya ta sake hali ba. Wanda yac ci gonata, yak karya min ɗa, ga shi nan zaune bisa kujera da hula. Na'Allah, ban yafe ba. Ko na mutu ban yafe ba."

Maigari ya shiga gyaran rawani. Kansila ya tuna ana kiransa a waya.

Dubi abin da gwani ya yi. Alhaji ya ɗaga hannu sama. "Allahu akbar! Jama'a, kun ga halin iyayenmu? Inna ta ƙi karɓar shanun. A yi fatiha!"

Hannaye suka tashi, don ba mai iya ƙin fatiha a gaban mutane. Kafin a shafa, direba ya tada mota. Na rubuta cewa Nana Hauwa ta yafe, ta kuma yaba wa kwamiti.

Mataki na bakwai: Ba wanda ka karya aiki

Bayan kaka Mode ya kwashe rugarsa ya yi yamma, wajen Kabi. Ranar tafiya ya jawo karsanar nan da aka sara, ta warke da tabo, ya ɗaure ta a ƙofar Nana Hauwa.

Ta ce, "Na ce ban karɓa."

"Ba biya ba na, Inna. Taki na. Gonarku ta saba."

Ya shiga ya yi sallama da Bashar, suka daɗe a ɗaki. Ban san abin da suka ce ba, ba a gayyaci magatakarda ba.

Hannun Bashar ya haɗe a karkace, ba ya iya ɗaga fartanya. Ga mata, ga 'ya'ya uku, ga rumbu ba komai. Alhaji ya aika aka kira shi, ya ba shi gadin shagunan. Ya yi kwana tara bai amsa ba, ran na goma ya zo ya karɓi makullai da hagu. A bikin buɗewa aka tsayar da shi gaban jama'a, mai jawabi ya nuna shi a matsayin shaidar cewa tsarin ya samar wa matasa aikin yi. Aka tafa.

Taku huɗun nan kuwa, tun da ba sauran saniya, an toshe bakinsu an yi shagon sayar da kati.

Hattara

Mai wannan darasi ba ruwansa da abin da zai biyo baya. In nono ya ɓace a kasuwarku, tambayi Fulani. In gonaki suka daina ba da abin da suka saba, tambayi masu takin zamani. In an ja maka Allah ya isa, kai da Mai sama, ni ban san kuna yi ba. Ban auna ba, ban gina ba, ban ɗaga sanda ba. Abin da aka ce in rubuta na rubuta. Fulotin da ke hannuna ma ban roƙa ba, kuma na can ƙurya ne, ko titi ba a hangowa.

Abu ɗaya ne ban samo maganinsa ba, gara in gaya maka tun yanzu. Wani ɗan baƙin ciki ya karanta wa Nana Hauwa rahoton sulhun nan, kalma bayan kalma. Tun daga ranar, duk inda ta hango ni, ko tsakiyar kasuwar Boɗinga ce, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ɗaga murya:

"Magatakarda! Zo ka gaya min, yau mi nac ce?"

In taka tsohuwar ta fara maka haka, kada ka zo wurina. Ni ma ta bayan gari nake zagayawa, kuma hanyar da nisa.