Yadda Anaruwa Ya Koyi Dubiya

A ƙauyen Rafin Tsamiya akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya, mutum biyu ne kacal a cikinsa: Inna Tabawa da autanta Anaruwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a nesa. Anaruwa ya ba shekara talatin baya. Ƙato ne, yakan saɓa buhun gero a kafaɗa yana tafe yana hira. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba ya fashin jam'i. Abu ɗaya ne dai da shi: yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari.

Ita kuwa Inna Tabawa akwai abin da take ɓoyewa. Tun da kaka wani kututturen dawa ya soke ta a tafin ƙafar hagu, wurin ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Ta sa toka, ta sa man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma, ta saki zane har ƙasa. Ta san in Malam Sabi'u na asibitin sha-ka-tafi ya gani, birni zai tura ta. To in ta tafi birni, wa zai ba Anaruwa tuwo? Shi ya sa ta ja bakinta ta yi shiru. Sai dai ta yi wata dabara: bari ta koya masa dubiya, ya riƙa zuwa gaishe da marasa lafiya, ya shiga ran mutane. Ko ta Allah ta kasance, ba za a bar shi da yunwa ba.

Wata rana aka ce Malam Ilu tela yana kwance da zazzaɓi. Inna ta ce, "Auta, je ka duba shi. Amma ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Ka kai masa abin da ka san ransa yana so." Anaruwa ya ce, "To, Inna." Ya tsaya a ƙofar gida ya yi tunani. Ya tuna kullum Malam Ilu ya zo wucewa ta gidan Bawa mahauci sai ya leƙa ta kan danga ya ce, "Kai, wannan farin rago ya shiga raina." Sai ya nufi gidan Bawa, ya kwance ragon, ya jawo shi har cikin ɗakin mara lafiya. Rago ya ɗaga kai ya ga wani ragon a madubin da masu ɗinki ke duba riga, ya ja da baya zai yi karo. Malam Ilu, wanda kwana uku bai iya ɗaga kai ba, sai ga shi a tsakar gida da bargo a ka yana salati. Bawa ya iso da sanda yana cigiyar ɓarawo. Da ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Har yau Malam Ilu yana cewa ba ƙwaya ce ta kori zazzaɓinsa ba, rago ne.

Wata rana kuma cikin Baba Cindo ya ɓaci, bayan ya ci naman suna ya wuce misali. Inna ta dama kunun tsamiya cike da ƙwarya. Ta ce, "Ban da dabbar mutane yau. Ga kunu. Ka tabbata ya sha, kada ka dawo min da saura." Tsoho ya sha ludayi biyu ya ce, "Madalla, Allah Ya yi albarka, ajiye sauran." Anaruwa ya gyara zama. Matar Baba Cindo ta kawo kwano ta ce a juye, yara za su sha. Ya rufe ƙwaryar da tafin hannu ya ce, "Inna ta ce shi zai sha." Tun hantsi har la'asar yana zaune a bakin gado da ludayi a hannu. Tsoho ya roƙa, ya yi fushi, ya yi barcin ƙarya. Da ya buɗe ido ɗaya sai ya ga ludayi a bakin hancinsa. Sai da ya shanye tas, sannan ya rarrafa bayan ɗaki ya amayar da shi duka. Tun daga ranar, ko atishawa Baba Cindo ya yi sai ya ce wa iyalinsa, "Ku rufa min asiri, kada Tabawa ta ji."

Wata rana Anaruwa ya dawo daga rijiya ya ce, "Inna, Hassu matar wanzami ba ta da lafiya. Ta rame, tana daka tana hawaye. A dama kunu?" Inna ta yi murmushi ta ce, "Ba kowane ciwo ne na kunu ba, Auta. Akwai na jiki, akwai na zuciya. Nata kewar gida ce, wata bakwai rabonta da garinsu. Maganinta kawai ta ga 'yan gidansu." Anaruwa ya sa takalmi. Tafiyar awa uku ce zuwa Gangaren Maje, ya yi ta a ƙasa. Ya yi sallama a gidan iyayen Hassu ya ce, "Hassu ba ta da lafiya. An ce ba ta da magani sai ta gan ku." Kafin la'asar sakaliya sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan wanzami, mutum goma sha huɗu suka sauko, uwar tana kuka, kawu yana tambayar ko an riga an kai ta. Suka tarar da Hassu a tsugune tana tankaɗe. Wanzami ya yanka kaji uku yana harare-harare. Hassu kuwa ta yi kuka, ta yi dariya, ta ci tuwo malmala biyu. Washegari ta aiko wa Anaruwa da ƙosai.

Duk wannan abin da ake yi ƙafar Inna tana ƙara kumbura. Ta daina zuwa rijiya. In maƙwabta sun tambaya sai ta ce tsufa ne.

Wata rana sa ya hauri Bawa mahauci a ƙugu, aka kwantar da shi. Anaruwa ya je da ɗan kunu daidai misali. Ya durƙusa ya ce, "Baba Bawa, ya jiki?" Bawa ya cije leɓe ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Anaruwa ya yi murna. Ya yaye bargon ya ninke, ya ɗauko masa wuƙaƙensa da faranti, ya kama hannunsa zai miƙar da shi, ai ranar kasuwa ce. Ihun Bawa har bakin titi. Ana cikin haka Malam Sabi'u ya shigo da jakar allura. Da ya raba su, sai ya ja Anaruwa gefe ya ce, "Saurara. Mutanenmu ko suna gargara 'da sauƙi' za su ce maka, don kunya da tawakkali. Kada ka duba baki, ka duba ƙafa. Duk wanda ka ga ya kasa tsayuwa, ka kawo min shi, ko a baro ne, ko yana zaginka." Anaruwa ya koma gida ya maimaita wa Inna kalma bayan kalma, ya ce, "Gaskiya ne?" Inna ta ƙara jan zane ta rufe ƙafarta, ta ce, "Gaskiya Likita ya faɗa, Auta."

Wata rana, Alhamis ce, kasuwa ta cika, Anaruwa ya dawo daga sallar azahar ya tarar da Inna tana tata sallar a zaune. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta yi sallama, ta shafa addu'a.

"Inna, tashi ki tsaya."

"Gajiya ce kawai, Auta. Da sauƙi."

"Tashi ki tsaya in gani."

Ta dafa bango, ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ta koma ta zauna.

Anaruwa ya zagaya bayan rumbu ya turo baron da yake kai taki gona. Ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauki Inna cak kamar damin gero ya sa a ciki. Hanyar asibiti kuwa ta tsakiyar kasuwa ta bi.

"Auta, sauke ni! Ni fa na haife ka!"

"Likita ya ce ko ana zagina."

"Ai ban fara zagin ba tukuna!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Masu tumatir suna darewa, masu awo suna miƙewa tsaye, mata suna tafa hannu suna cewa yau kam abin Anaruwa ya kai intaha, uwarsa a baron taki! Baba Cindo ya biyo su da sanda yana cewa, "Kai mara kunya, maida ita gida!" Anaruwa ko waige bai yi ba.

Malam Sabi'u ya fito yana dariya. Da ya warware tsumman, dariyar ta ɗauke. Ya dubi ƙafar, ya dubi Inna, ya ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce, "Tun kaka." Nan take ya aika a kira mai mota. A babban asibitin birni aka auna jininta aka ce ciwon suga ne ya hana gyambon warkewa. Likitan can ya ce da an ƙara mako guda, da sai dai a yanke ƙafar. Inna ta yi hawaye, amma ba don ƙafa ba. Babbar 'yarta da ta zo jinya ta tambaye ta dalili, Inna ta ce, "Na bar Auta ko garin tuwo ban tankaɗe masa ba."

Kwana ashirin da uku ta yi. Ranar da mota ta sauke ta a ƙofar gida, sai ta ga Anaruwa cikin sabuwar riga, kumatunsa sun ciko. Malam Ilu ne ya ɗinka rigar. Hassu ke aiko masa da koko kowace safiya. Bawa, da ya miƙe, ba ya tashi kasuwa bai ƙulla masa tsoka ba. Tuwo kuwa a gidan Baba Cindo yake ci, tsohon ya zauna a gabansa da sanda ya ce, "Sai ka cinye tas, ba ka tashi da saura."

Inna ta zauna a kan tabarma tana jin wannan labari, bakinta yana motsi da godiya ga Allah. Ita da ta yi dabarar ta sama masa masu riƙe shi bayan ranta, ashe shi ne zai riƙe mata ran.

Da aka kira la'asar, Anaruwa ya kawo mata buta. Ya durƙusa kamar yadda ta koya masa.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, Auta."

Bai dubi bakinta ba. Ya ce, "Tashi in gani."

Inna Tabawa ta yi alwala, ta miƙe a kan ƙafafunta biyu ba tare da dafa bango ba, ta fuskanci alƙibla ta ta da kabbara. Anaruwa ya tsaya yana kallo har ta yi ruku'u ta ɗago. Sannan ya tura baronsa bayan rumbu, ya kife shi, ya tafi masallaci.