Agogon Ngo Suzana Mai Gulma

"Ya gajiya, tsohuwar amaryata?"

"Gajiya ta bi lafiya, mijin da ba ya cefane."

Dachung ma'aikacin jinya ne. Ya taso daga Kabong zuwa Kuru don duba kakarsa, Ngo Suzana. Watan jiya hawan jini ya kayar da ita a gonar dankali, shi ne ya sayo mata agogon zamani a kasuwar Terminus, mai auna bugun zuciya ya aika wa wayarsa. Kwana uku ke nan wayar shiru. Yana zama ya hango agogon cikin tukunya.

"Me ya yi miki kika tsare shi?"

"Gulma. Ran Laraba na je Bukuru ban gaya wa kowa ba, sai ga ka a waya kana tambayar me ya kai ni. Wa ya faɗa maka?"

"Kishi ne. Na ɗauka wani tsoho ya ƙwace min ke."

"Da ya fi ka, ko haƙori ɗaya gare shi. To kai ka ji. Su wa kuma suka ji? Masu agogon nan, na san iyayensu?"

Ranar da Dachung ya haɗa agogon, danna "na yarda" kawai ya yi, bai karanta komai ba.

"Ngo, sirrin naki duka bai wuce inda kike ɓoye gishirin da likita ya hana ba."

"Shekara arba'in ina ungozoma a garin nan. Na san cikin kowane gida, ba wanda ya taɓa ji a bakina. Wadda na je gani ba ta so a san tana jinya. Sai ƙarfe ya nuna ƙofarta?"

A wurin aikin su Dachung sai an tara su an koya musu irin wannan riƙon sirri.

Ya sassauta murya. "In kika sake faɗuwa fa?"

"Daga gida sai gona, ka san hanya. Zuciyata ka saurara, dama taka ce. Ƙafata kuwa tawa ce."

A gabanta ya kashe abin da ke nuna wuri, ya yi alkawarin karanta mata sauran sharuɗɗan da Hausa, layi-layi. Sannan ta miƙo hannu ya ɗaura.

"Kin kayar da ni," ya ce yana dariya.

"Kakanka ma shekara hamsin yana gwadawa. Zauna ka sha gwate. Da wannan ramar taka, kai ya kamata a ɗaura wa."