Yadda Za Ki Ba Kamfanin Ƙasar Waje Shawara Daga Bayan Shagon Uwarki

Ke ɗalibar da aka ɗauka a shirin nan na intanet, inda ake haɗa ɗalibai daga ƙasashe daban-daban su ba wani kamfani shawarar kasuwanci ba tare da kowa ya bar ɗakinsa ba, matso kusa. Matakai bakwai ne a hannuna. Ki bi su sau da ƙafa, ni kuma na yi miki alkawarin cewa cikin mako takwas za ki fito da takardar yabo daga hannun Farfesa. Mutum ɗaya tak ake ba ita a kowace tawaga, kuma ita ce masu ɗaukar aiki ke dubawa. In ba ta fito ba, ki zo ki kama rigata.

Kada ki tambaye ni ko na taɓa yin shirin. Ban yi ba, gyaran waya nake yi. Amma ni na horar da wadda ta yi, wato ɗiyar yayata, wadda tun tana rarrafe a shagon uwarta teloli suka laƙa mata Manaja. Matakai shida ta bi tiryan-tiryan. A na bakwai ta watsa min ƙasa a ido, kuma za ki ji yadda aka yi don kada ki maimaita.

Mataki na 1: Ki ɓoye inda kike

Duniya ba ta karɓar shawara daga wurin da ake jin ƙamshin kwali. Yaya, wato uwar Manaja, kayan ɗinki take sayarwa, zare, allura, maɓalli, zif da almakashi, kuma duk unguwar babu inda netwok ke tsayawa da ƙafarsa sai ɗan sitonta na bayan shago. Nan Manaja ta jera katan uku na zif ta ɗora kwamfuta, ta zauna a kan na huɗu.

Abu na farko, ki kunna hoton bango na bogi. Ni na zaɓa mata: ofis mai gilashi tun daga ƙasa har sama, dogayen benaye a baya, ga wata tukunyar fure da ba ta taɓa shan ruwa ba. Daga wuya zuwa ciki ki sa kwat. Daga nan zuwa ƙasa tsakaninki da Allah ne, zani da silifa sun wadatar.

Sai dai kada ki yawaita motsi. Hoton bogi yana da kishi. Kika juya da sauri, kunnenki ya ɓace. Ran nan Manaja ta miƙa hannu ɗaukar biro, sai ga tef ɗin awo yana reto daga saman bene mai hawa arba'in.

Mataki na 2: Ki san 'yan tawagarki

Su huɗu ne har da Manaja. Akwai Mai Kyanwa, wata yarinya mai kirki da kyanwarta ta fi ta halartar taro. Akwai Baƙin Allo, wanda har aka gama ba wanda ya ga fuskarsa, sai dai lokaci-lokaci a ji yana tauna wani abu. Sai Mai Taye, wanda kullum da taye ɗaure a wuyansa. Wannan shi ne abokin karawarki, kuma kowace tawaga tana da nata. Yana fara magana kafin ya san abin da zai ce, yana kuma gode wa Farfesa ko da tari ta yi.

Kamfanin da aka ba su kuwa ba wani katafaren kamfani ba ne. Shagon kayan keke ne na wani tsoho a wata ƙasa mai nisa, shekara talatin da biyar yana nan a lungu ɗaya. Ɗansa ya karɓi ragama, ya yi wa shagon fenti da fitilu da sababbin kantoci, daga nan masu saye suka ɗauke ƙafa. Ɗan ne ke magana a taro. Tsohon yana gefensa, rabin fuskarsa kawai ake gani, bai taɓa cewa uffan ba.

Mataki na 3: Ki yi magana yadda ba za a kama ki ba

Kada ki taɓa cewa "ban sani ba". Ki ce, "Ina ganin ya kamata mu dubi lamarin ta fuskar dogon zango." In aka matsa, ki ce, "Zan gina a kan abin da abokin aikina ya faɗa," sannan ki maimaita abin da ya faɗa a hankali, kina gyaɗa kai. Masana sun tabbatar, ni ma na tabbatar, cewa duk maganar da aka yi ana gyaɗa kai ta fi nauyi.

In Farfesa ta jefo miki tambaya kai tsaye kuma kanki babu komai, ki daskare. Baki a buɗe, ido a kafe, kamar netwok ya ɗauke. Na horar da Manaja har ta kai daƙiƙa arba'in ba ƙiftawa. Sau ɗaya kawai asiri ya so tonuwa, da wani ƙuda ya sauka a goshinta ya yi yawonsa ya tashi. Ko gezau ba ta yi ba. Ranar na san jinina ce.

Mataki na 4: Yatsanki a kan makirfo

Wannan matakin ya fi duk na baya muhimmanci, domin hoton bogi ido kawai yake rufewa. Labule ne kaɗai tsakanin sito da shago, kuma a shagon Yaya akwai wani dogon benci da ya girmi Manaja. Teloli ba sa rabuwa da shi. Wanda ya zo sayen allura ɗaya sai ya share awa guda yana musun ƙwallo. Taron kuma duk Laraba ne da tsakar rana, daidai lokacin da benci ke cika.

Don haka ki buɗe makirfo ki yi magana, ki rufe tun kafin ki haɗiye yawu. A mako na uku Manaja ta manta. Tana tsaka da dogon zango sai muryar Yaya ta keto labule:

"Manaja! Miƙo min baƙin zare dozin biyu, mutum na tsaye!"

Mai Taye ya ɗaga gira. Ya tambaya wace ce wannan.

"Wata ma'aikaciyarmu ce," in ji Manaja, da murmushinta.

Ki rubuta wannan amsar ki ajiye, ta ƙwararru ce. Ni da na ji labari har tafa mata na yi. Ita dai ranar ta kasa cin abinci, ban san dalili ba. Yaya ba ta jin Turanci, amma da ta ɗaga labule ta ga fuskar 'yarta.

"Na ɓata miki aiki ko?"

"A'a, Umma, ba komai."

"To. Zan riƙa rage murya."

Kuma ta rage. Matar da ake jin cinikinta daga bakin titi ta koma yi wa teloli magana kamar mai jinya.

Mataki na 5: Ki ɗebi shawara a gida, ba a kullewa

Mako na biyar ya zo, tawaga ba ta da komai. Mai Taye ya ce a yi wa shagon manhajar waya. Mai Kyanwa ta ce a canza launin tambari. Baƙin Allo ya tauna wani abu. Manaja ta zauna ta zuba wa hotuna biyu ido, shagon kafin gyara da bayan gyara, hankalinta a tashe, don ta san in aka tafi a haka Mai Taye zai wuce da takardar da bakinsa kawai.

Yaya ta shigo mata da ruwa a kofi, ta leƙa ta kafaɗarta.

"Shagon mutanen naki ke nan? Ya yi kyau. To ina kujerun?"

"Waɗanne kujeru, Umma?"

Yaya ta ɗora yatsa a tsohon hoton. Can kusa da ƙofa ga wasu kujeru biyu da suka sha jiki, da ɗan tebur. A sabon hoton an kafa kantar hulunan kwano a wurin.

"Wanda ya tuƙo keke ya gaji, ina zai zauna ya yi ƙorafin gwiwarsa? Ke, zaren da nake sayarwa akwai shi a shago goma a layin nan. Benci ne ba su da shi. Tela in ya zauna sai ya tuna almakashinsa ya dakushe. A nan zai ji wa ya samu aikin yunifom yana neman hannu. Gobe ko ba ya buƙatar komai zai dawo. Ki ce yaron nan ya mayar wa ubansa kujerunsa."

Ta ɗauki kofinta ta fita. Kada ki gode a irin wannan lokacin, godiya shaida ce.

Mataki na 6: Ki sa wa shawarar kwat

Ba za ki je gaban Farfesa ki ce "a mayar da kujera" ba, dariya za a yi miki. Ni da Manaja muka raɗa wa abin suna: Tsarin Riƙe Abokin Ciniki ta Hanyar Zama. Muka zana da'ira uku da kibau suna bin juna. A ƙasa, inda ake rubuta tushen bayani, na ce ta sa "binciken da ofishinmu ya gudanar". Ta daɗe yatsunta na kan madannai kafin ta rubuta.

Farfesa ta yaba ƙwarai. Kan ki ce kwabo Mai Taye ya fara cewa "kamar yadda ni da abokiyar aikina muka gano". Amma kowa ya san mai abin, don haka aka ba Manaja gabatarwar ranar ƙarshe. Sharaɗi ɗaya Farfesa ta maimaita har sau uku: minti goma ne, wanda ya wuce ya zubar da makinsa, domin ƙwararre ba ya cin lokacin mutane.

Mataki na 7: Kome aka tambaye ki, kada ki tashi daga kan katan

Ranar ta zo. Manaja ta yi bayani minti takwas cif, ba tuntuɓe, ba ƙuda. Takarda ta riga ta shigo hannu. Sai tsohon nan mai rabin fuska ya ture ɗansa gefe, ya matso har hancinsa ya cika allo.

"Kujerun nan suna sitonmu," in ji shi. "Ranar da aka ɗauke su ina tsaye, ban ce komai ba. Yarinya, wannan ba maganar littafi ba ce. Mai shago ne ya gaya miki. Wane ne?"

Amsar tana rubuce a ƙasan allo. Kalma biyu ce, binciken ofishinmu, a tafa, a tashi.

Manaja ta buɗe baki, sai ta ji wani abu da ba ta taɓa ji a shagon nan ba tun da aka haife ta. Shiru. Ba musun ƙwallo, ba ƙarar almakashi, ba ko tari. Ta leƙa ta gefen labule. Inda benci yake, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti.

A nan tarbiyyar da na yi mata ta rushe. Ta kashe hoton bogi. Benaye suka ɓace, duniya ta ga katan-katan na zif, da tef ɗin awo, da tsintsiya a jingine. Ta sungumi kwamfuta, kwat a sama zani a ƙasa, ta ratsa shagon da ba kowa, ta tura ƙofar da aka rufe.

Yaya tana tsaye a rana. Benci yana kife a jikin bango, ƙafafu a sama. Teloli uku na gabanta, tana ba su haƙuri da raɗa cewa su dawo bayan awa biyu. Ina nan, don ni na kama mata gefe ɗaya muka fitar da shi, har ina yaba dabarar.

"Umma, me ya fitar da benci?"

"Ke, koma ciki! Mutanen naki na jira. Yau ce babbar ranar, na ce kada a ɓata miki."

Idon Manaja ya cika. Ta juya allon ya fuskanci uwarta, ta yi magana da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa don mai abin ta ji.

"Wannan uwata ce. Ba ma'aikaciya ba ce, ƙarya na yi muku. Shagonta ne, shawarar ma tata ce."

Yaya ta shiga gyara gyale. "Kai, yarinyar nan! Haka za ki nuna ni, ko fuska ban wanke ba?"

Tsoho ya tambayi shekarun bencin. Yaya ta ce ashirin da shida. Ya tambaya ko ya ƙara kujeru masu laushi. Ta ce kul, kada ya sa mai majingina, barci za su yi, kuma mai barci ba ya sayen komai. Tsoho ya yi dariya har ya share ido. Manaja na tsakiya tana fassara, teloli suka mayar da benci kan ƙafafunsa suka zauna suna sa baki. Minti talatin da biyar aka yi. Farfesa mace ce mai magana ɗaya. Takardar yabo ta tafi wurin Mai Taye, wanda ya gode mata sau huɗu.

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin katsewar netwok, ɓacewar kunne, ko ƙudan da ya sauka a goshi. Ba shi da alhakin abin da ya samu Manaja, wadda ta tashi da satifiket ɗin halarta irin na Baƙin Allo, kuma har yau tana aika takardun neman aiki daga kan katan na huɗu. Satifiket ɗin yana cikin durowar maɓallai. Abin da Yaya ta sa na wanko mata ta rataye a saman benci hoto ne da tsohon ya aiko, kujeru biyu a bakin ƙofa, da wani mai furfura zaune yana riƙe da gwiwarsa. Muryarta kuma ta dawo, daga bakin titi ake jinta.

Ke kuwa da za ki bi matakan nan bakwai cif, alkawarina yana nan, takarda taki ce. Amma in kin fito daga sito da ita a hannu, kada ki zo shagona ki tambaye ni me ya sa uwarki take yin raɗa a cikin shagonta. Ni waya nake gyarawa.