Jakin Baba Mai Yashi Ya Warke a Takarda

Jiya aka kore ni daga wani ofishi saboda jaki, kuma jakin ma ba nawa ba ne. Na maƙwabcina ne, Baba Mai Yashi, wanda shekara tara ke nan shi da jakin nasa, Ɗan Baƙi, suna ɗebo yashi daga rafi suna kai wa magina. Duk abin da ke shiga tukunyar gidansa daga gadon bayan dabbar nan yake fitowa. To, wata biyu da suka wuce Ɗan Baƙi ya zame a gangare, jijiyar ƙafarsa ta gaba ta lalace, ya koma ɗingishi. Masu sayen fatar jaki suka fara zarya a ƙofar gidan, Baba yana korarsu da tsintsiya.

Sai muka ji a rediyo wai an gina cibiyar binciken sabunta jikin dabbobi. Na ce, "Baba, mu je mana, ba abin da za mu rasa sai tafin takalmi."

A can muka samu wata likitar dabbobi wadda wallahi ta san aikinta. Ta yi mana bayanin da ko ni na gane. A cikin ɓargon dabba, in ji ta, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna iya zama jijiya, suna iya zama ƙashi. Za ta zuƙo su da allura, ta rene su mako uku a wani akwati mai ɗumi, in sun yawaita ta mayar da su inda ya lalace.

Baba ya ce, "'Yata, wato jakin ne zai yi wa kansa faci?"

Ta yi dariya ta ce, "Kusan haka ne, Baba. Fatana dai kada wuta ta yanke wa akwatin."

Tun ranar da aka zuƙi ɓargon, Baba bai yi fashin zuwa ba. Sai ya leƙa akwatin ta gilashi ya ce, "Sannunku yara, ku yi ta girma."

Saura kwana biyar a yi allurar, sai aka ce Mai Girma Mai Almakashi zai zo buɗe cibiyar. Ni dai a sanina a buɗe take, tunda ta ƙofa muke shiga, amma ashe wannan ba ta cikin lissafi. Yallaɓai Darakta ya aiko a kawo Ɗan Baƙi. Aka ɗauki hotonsa yana ɗingishi, aka rataye a bango, shi kuma aka ɗaure shi can bayan banɗaki. Sai ga wani baƙin jaki an aro, ƙato, an shafe shi da mai yana ta sheƙi, an naɗa masa farin bandeji.

Baba ya raɗa wa wani ma'aikaci, "Ɗana, ƙafar hagu ce fa, kun ɗaure ta dama."

Ya ce, "Baba, Mai Girma ba duba ƙafa ya zo yi ba."

Mai Girma, Allah ya ƙara masa numfashi, ya yi awa biyu yana jawabi a kan ƙwayoyin halitta. Ya nuna hoton, ya nuna jakin aro, aka yi tafi kamar rumfar za ta faɗi, sannan ya miƙa wa Baba igiyar jakin. Motoci na juya baya, mai jaki ya zo ya karɓi igiyarsa ya yi gaba.

Muka shiga wurin likita muka tarar idonta ya yi ja. Ashe janareta ba zai iya ɗaukar lasifika da fankoki da firjin lemon manyan baƙi ya kuma ɗauki ɗakin bincike ba, don haka tun jajibirin biki wani mai basira ya zare layin ɗakin. Yaran Baba duk sun mutu. Na ji zuciyata ta yi baƙi ƙirin, shi kuwa sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Likita ta ce za ta sake daga farko, sa hannun Darakta kawai take bukata.

Shi ne jiya muka je ofishin Darakta. Yallaɓai ya buɗe rahoto ya ce, "Wannan jaki ya warke. Ga hoto, ga sa hannun Mai Girma. Ko so kuke ku ce Mai Girma ƙarya ya yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jakin yana waje, ka leƙa ta taga."

Ya ce, "Malam, ba ma aiki da taga, da rahoto muke aiki."

A nan ne na faɗi wasu kalmomi da edita ba zai buga ba, masu gadi suka raka ni har titi da ƙafata ɗaya a sama.

Yau da safe na hango Baba yana hawo gangaren rafi da buhun yashi a bayansa, ya ranƙwafa, Ɗan Baƙi na biye da shi ba kaya, yana ɗingishi. Na ce, "Haba Baba, me ya sa ka fito da shi?"

Ya ce, "Ya saba da hanyar. In na bar shi a gida kuka yake yi."

Don haka ina taya Mai Girma murna. Cibiyarsa ta samar wa unguwarmu sabuwar dabbar dako, mai ƙafa biyu, mai shekara sittin da bakwai, kuma ko allura ɗaya ba a yi ba.