Yadda Ake Ceto Tsohon Injin Gem Daga Bakin Ɓeraye

Kai da ka haura hamsin kana mafarkin injin gem ɗin nan mai tsayin mutum, wanda ka riƙa jefa wa sulalla kana yaro, buɗe kunne. Shekara talatin na yi ina dakon irinsu a faɗin yankinmu na Jutland. Ka bi matakai bakwai ɗin nan, injin zai kwana gidanka, mutuncinka kuma bai taɓu ba. Preben mai raba wasiƙu ya bi shida.

Mataki na 1: Kama bakinka

Baki shi ke yanka wuya. A wurin aski Preben ya ji cewa tsohuwa Gerda, wadda marigayi mijinta ke zuba injuna a rumfunan abinci, za ta kira masu sayen ƙarfe ranar Litinin su share sito. A ciki har da injin harbin jirage na bakin tashar jirgin ruwa, wanda Preben ya yi sarauta a kansa yana ɗan sha huɗu. Ban da matarsa, mutum ɗaya ya gaya wa, Aksel ƙaninta, shi ma don yana da 'yar tirelar da ake ja da mota.

Mataki na 2: Kada ka ƙi kek

A nan ba a buɗe maka sito sai an buɗe maka ciki. Kala bakwai Gerda ta jera, da kofi. Ka tsallake ɗaya, ka zagi gidan.

"Ƙara mana, ɗan nan. Ko bai yi daɗi ba ne?"

"Ba laifi," in ji Preben. Duk ƙasar nan babu yabon da ya wuce wannan.

"Ƙyale shi, Gerda," in ji Aksel. "Maɓallin wandonsa ke neman afuwa."

Mataki na 3: Ɓoye zumuɗi

In ka ga injinka, ka dube shi kallon tsohon firiji. Preben ya hango nasa can lungu, kashin tattabaru har kan gilashi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ƙura ce. Gerda ba yarinya ba ce.

"Ba na raba marayu," ta ce. "Su sha tara ne. Ko ku kwashe duka, ko ku bar min su."

Wanda ya hau motar kwaɗayi ya san tashar da zai sauka. Ka ce to.

Mataki na 4: Ɗauka daga ƙasa

Katakon da ya sha danshin shekara arba'in burodi ne da ya kwana a shayi. Ka cicciɓe shi daga sama, gindin ya zauna, kai ka tafi da hula. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai dai ka duba hannun da ka gayyato.

"Kai riƙe nauyin," in ji Aksel, "ni zan riƙe lissafin hanya."

Sawu bakwai suka yi cikin ruwan sama, da kek fal tumbinsu.

Mataki na 5: Tanadi amsar uwargida

Bodil, matar Preben, ta dawo ta tarar da motarta a waje tana shan ruwa, gareji cike har ƙofa.

"Ka ce min ɗaya."

"Ɗaya ne. Sauran rakiya suka yo."

Mataki na 6: Kada ka sa wuta

Sannu ba ta hana zuwa. Sati uku za ka bar shi ya bushe, ka kwashe gidan ɓeraye, ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Aksel ya kasa haƙuri ya jona ɗaya daga 'yan rakiyar. Har yau girarsa ta hagu ba ta gama dawowa ba.

Mataki na 7: Wasan farko, kai kaɗai

Rufe ƙofa, ka sa sakata. Nan Preben ya kauce. Shekara arba'in yana ba mutane labarin yadda ake layi a kalle shi, don haka ya gayyaci layinsu kaf, har da Gerda, ta zo da kek. Injin ya tashi garau, yana kukansa na da. Preben ya naɗe hannun riga, ya kama sandar sarrafa jirgin. Jirage uku ake ba mutum. Kafin Bodil ta gama zuba kofin farko, an harbe duka ukun.



"Ɓeraye sun taɓa sandar nan," in ji Preben.

Bodil ta miƙa masa tabaraunsa. "Shi shekara arba'in ya yi a sito ba ci ba sha, ga shi garau. Kai da nake ciyarwa kullum, ina ƙarfin ya tafi?"

Gargaɗi

Ciwon ƙugu, ƙonewar gira, tsatsar motar uwargida da dariyar maƙwabta, babu hannuna a ciki. Na yi alkawarin dawo maka da injin, ban ce zan dawo maka da yatsun ɗan sha huɗu ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.